Ɗingishin da ke tafiya ya dawo: gano ƙurjin kofato, fasa shi, da rufe ƙofar da ya shigo

Doki ya ci harawarsa da daddare lafiya lau, gari ya waye an same shi tsaye da ƙafa uku, ta huɗun ko ƙasa ba ya son ta taɓa. Wanda bai saba gani ba zai rantse karaya ce. Amma idan babu rauni a jiki, babu kumburi a gwiwa ko kafaɗa, kuma dokin bai faɗi ba, abin da aka fi samu shi ne ƙurji a cikin kofato. Ƙurjin farko ba ya ba da wuya ga wanda ya san hanya. Wanda ke cinye kuɗi da lokaci, har ya raba mutum da dokin da yake ji da shi, shi ne wanda ya warke a watan Yuli ya dawo a Satumba, ya sake dawowa ana saura mako biyu hawan sallah. Irin wannan yana da dalili, kuma dalilin yana cikin kofaton, ko a daɓen barga, ko a cikin mudun da ake auna dawa.

Abin da ke cikin kofato

Ɗaga ƙafar dokinka ka wanke ta da burushi, ka dubi ƙasanta. Gefen da ya zagaye, mai tauri, shi ne bangon kofato. Cikinsa akwai tafi. Tsakanin bango da tafi akwai wani siririn layi mai launin ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya da ake kira farin layi, nan ne ɗinkin da ya haɗa su, kuma nan ne wuri mafi rauni. A tsakiya akwai wata tsoka mai danƙo kamar roba, mai kusurwa uku, tsininta yana duban gaba, a wannan rubutu za mu kira ta harshen kofato. A gefenta biyu akwai kwari. Daga sama kuma, inda gashi ya ƙare kofato ya fara, nan ne bakin gashi, daga nan kofato yake tsirowa yana gangarowa, kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata. Kafin bangon gaba ya sabunta gaba ɗaya ana ɗaukar wata 9 zuwa 12.

A ƙarƙashin wannan ƙaho akwai nama mai rai, cike da jini da jijiyoyi, yana manne da ƙashin da ke cikin kofato. Idan datti da ƙwayoyin cuta suka sami hanya suka kai ga naman nan, mugunya za ta taru. A ko'ina a jiki ƙurji yana da wurin kumbura. A cikin kofato ba shi da shi, domin akwati ne da ba ya buɗewa. Mugunyar da ba ta kai cikin ƙaramin cokali ba ta isa ta hana ingarma taka ƙasa. Wanda ya taɓa yin ɗan karkare a ƙarƙashin farce ya san yadda abin yake, sai ya ƙara da cewa shi ba a kan yatsar yake tsaye ba.

Wace ƙafa ce, kuma a ina

Idan ɗingishin mai tsanani ne, ba sai an nema ba. Mai sauƙin ne ke ruɗa mutane, har a yi ta shafa magani a kafaɗa alhali ciwon yana ƙasa. Sa yaro ya riƙe ragama a sake, ya ja dokin da sassarfa a kan ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, ya tafi ya dawo gare ka. A ƙafar gaba, kai ne ke ba da labari: doki yana ɗaga kansa sama lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka, ya sauke shi lokacin da mai lafiya ta taka. A ƙafar baya, tsaya a bayansa ka dubi ƙugu, ɓangaren da ya fi hawa da sauka shi ne mai ciwo. Ƙafafun gaba suna ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, saboda haka a can aka fi samun matsala.

Bayan ka san ƙafar, fara daga ƙasa ka yi sama. Ɗora bayan hannunka a bangon kofaton, sannan a na ɗaya ƙafar. Da sassafe ake yin wannan, kafin rana ta dumama su duka. Kofato mai ƙurji ya fi zafi, wani lokaci a ɓangare ɗaya kawai. Sai ka nemi bugun jini: a bayan idon ƙafa, gefe da gefe, akwai jijiyar jini da ke gangarawa kofato. Ɗora yatsu biyu a hankali. A doki mai lafiya da ƙyar ake jin ta. Idan tana bugawa da ƙarfi a ƙarƙashin yatsa, akwai wuta a cikin kofaton. Idan bugun ya fi ƙarfi a gefe ɗaya, fara nema a wannan gefen.

Likitocin dabbobi suna da wani babban awartaki na matse kofato. In babu shi, babbar filaya mai faɗin baki za ta yi, ko a bi tafin da ƙwanƙwasa ƙaramar guduma. Ana farawa daga dunduniya ɗaya, a bi farin layi ana matsawa kaɗan-kaɗan har zuwa ɗaya dunduniyar, sannan harshen kofato. Inda dokin ya fizge ƙafa, maimaita sau biyu ko uku, ka kuma gwada daidai wurin a ƙafa mai lafiya, domin akwai dokin da ko'ina aka matsa sai ya fizge. Auna zafin jiki ta dubura: daidai shi ne digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius. Ƙurji na yau da kullum ba ya kawo zazzaɓi sosai.

Abin da ba a jira da shi

Idan ka ga ƙusa ko waya ko ƙayar aduwa a soke a harshen kofato ko a kwarin gefensa, musamman daga tsakiyarsa zuwa baya, wannan ya wuce aikin gida. A saman wurin akwai babbar jijiyar da ke lanƙwasa ƙafa da wata jakar ruwan gaɓa, idan ƙusa ta kai can, doki na iya gurguncewa har abada cikin 'yan kwanaki. In likita yana kusa kuma ƙusar ba za ta ƙara nutsewa ba, a bar ta, a kira shi. In tilas ne a cire, a ɗauki hotonta da waya tana ciki, a lura da inda ta nufa, a yi alama a jikinta iyakar inda ta shiga, a ajiye ta likita ya gani. Ramin ƙusa a harshen kofato yana rufewa nan take kamar ba a yi ba.

Haka nan a kira likita in ƙafar tana lilo, ko kumburi ya haura gwiwa, ko zafin jiki ya kai 39, ko dokin ya daina ci. Haka nan in ƙafafun gaba biyu ne suka yi zafi lokaci ɗaya, dokin ya miƙa su gaba ya jingina da baya. Wannan na ƙarshe wata cuta ce daban, za mu zo kanta.

Fasa ƙurji

Maganin ƙurji shi ne mugunya ta fita. Duk sauran abubuwa taimako ne. Kafin a fara a tanadi wuƙar kofato mai kaifi da lanƙwasasshen baki, burushi, bokitin roba mai faɗi, ruwan ɗumi, gishirin Epsom da ake samu a kemis, aidin, sukari, auduga, famfas na jarirai, bandeji, salatif mai ƙarfi, da guntun tsohon tib na mota.

Da farko a wanke kofaton da sabulu. In akwai takalmin ƙarfe a cire shi, a dubi kowace ƙusa yayin fitowa, wadda ta fito da danshi ko wari ita ce ta kawo matsalar. Sai a kankare fuskar tafin da farin layi sama-sama, kamar ana feraye rogo, har sai ƙaho mai tsabta ya bayyana. Datti na sama zai tafi. Baƙin ɗigo ko baƙin layin da ya ƙi tafiya, a daidai inda dokin ya fizge, shi ne sawun da za a bi.

A bi shi da tsinin wuƙa, ana ɗiban ɗan kaɗan, ana karkata wajen bango. Nan ne hannu yake bambanta da hannu. Ramin da ake so bai wuce faɗin fensir ba. Wanda ya huda babban rami a tsakiyar tafi ya sayi wahalar wata biyu: naman ciki zai kumburo ta ramin, ƙaho ya kasa rufewa, datti ya sami sabuwar ƙofa. Mugunyar kofato ba fara ba ce kamar ta ƙurjin fata, ruwa-ruwa ce, toka-toka ko baƙa, da wari mai ƙarfi, wani lokaci har da ɗan sautin iska. Da ta fito a tsaya. In kuma jan jini ya fito babu mugunya, nan ma a tsaya, an kai nama. Kada a ci gaba da tono ana neman sa'a. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi likita ko gwanin gyaran kofato ya yi a gabansa sau ɗaya ko biyu, wannan aiki da ido ake koyonsa.

In ba a sami ƙurjin ba, bai nuna ba ne tukuna. A jiƙa ƙafar, a ɗaure, a sake dubawa gobe. Ruwan jiƙon: lita 4 na ruwan ɗumi wanda gwiwar hannunka za ta iya jurewa, da kofi 2 na gishirin Epsom. In babu, gishirin girki kamar kofi 1 ya fi babu. Ruwan ya rufe bakin gashi. Minti 15 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a rana, a sa masa harawa a gaba don ya tsaya. Kada jiƙon ya wuce kwana 3. Mutane da yawa suna ci gaba har mako biyu saboda sun ga ya yi amfani da farko, kofaton ya yi laushi kamar sabulu, farin layi ya buɗe, su shuka ƙurji na gaba da hannunsu.

Bayan jiƙo a tsane ƙafar da tsumma mai tsabta. A kwaɓa sukari da aidin har ya yi kauri kamar zuma, a cusa a ramin da auduga. A naɗe kofaton da famfas, ɓangaren da ke shan ruwa a tafi, a bi da bandeji, a rufe ƙasan da salatif ninki uku ko huɗu, ko a yanka tib a yi masa takalmi. Kada a ɗaure da igiya ko roba a kan bakin gashi ko wuyan ƙafa. Yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin ɗaurin da fata. Ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, ɓarnarsa ta fi ta ƙurjin. A sauya kullum har mugunya ta daina fita, galibi kwana 3 zuwa 5. Daga nan a daina duk abin da ke jiƙa wurin, a riƙa cusa busasshiyar auduga mai aidin, a ci gaba da rufewa har ramin ya yi tauri, in an danna da babban yatsa doki bai motsa ba. Wannan yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma a nan ne aka fi gajiya a saki.

Alamar an yi daidai ita ce doki ya fara taka ƙafar cikin kwana ɗaya ko biyu. In kwana 3 sun wuce babu sauƙi, akwai abin da ya rage a ciki.

Wani ƙurjin ba ya jiran wuƙa, sai ya haura ta cikin bango ya fashe a bakin gashi ko a dunduniya. Za a ga wurin ya yi laushi ya kumbura, sannan ya tsage. Doki zai sami sauƙi, amma ƙofar da datti ya shigo tana nan a ƙasa, dole a nemo ta a tsabtace. Tabon zai zama tsaga a kwance da za ta riƙa gangarowa wata da watanni, idan ta kusa ƙasa bangon na iya ɓallewa a wurin, a sa ido a gyara shi da magagari.

Allura da magani

Allurar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda aka fi mantawa: ta tetanos, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Doki yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da ita, ƙwayarta tana cikin ƙasa da kashin doki, kuma rufaffen rami marar iska irin na kofato shi ne gidanta. Dokin da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, a yi masa allurar kariyar gaggawa ranar da aka fasa ƙurjin, abin da aka saba bayarwa shi ne yunit 1,500, tana karewa na mako 2 zuwa 3 kawai. Rigakafi na dindindin allura biyu ne, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, sai a riƙa maimaitawa shekara-shekara. In bayan mako ɗaya zuwa uku ka ga doki ya sandare, wutsiya a ɗage, kunnuwa a tsaye, wata farar fata tana rufo ido daga gefen hanci idan ya firgita, a kai shi wuri mai duhu da shiru, a kira likita nan take.

Don rage zafi akwai fenilbutazon, wanda aka fi sani da buta. Ana ba da miligiram 2.2 ga kowane kilo na nauyin doki, sau ɗaya ko biyu a rana, na kwana 2 ko 3. Dokin kilo 350 ke nan zai sha kimanin miligiram 770 a lokaci ɗaya. Na allura a jijiyar jini kaɗai ake yin sa, in ya zuba a nama yana ruɓar da wurin, don haka aikin likita ne. Ba a haɗa shi da fluniksin, wani maganin zafi irinsa, ba a ba dokin da ba ya shan ruwa, ba a jan shi mako da makonni, yana cin ciki da hanji da ƙoda. Abin da ya fi ɓata rai shi ne a yi wa doki buta da asuba don ya fita hawa. Ciwon yana nan, an rufe masa baki ne kawai, dokin zai yini a kan kwalta yana niƙa ƙafar da ya kamata ta huta.

Don sanin nauyi ba tare da sikeli ba: auna zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba da santimita, ninka shi da kansa, ninka da tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, shi ma da santimita, raba da 11,877, abin da ya fito shi ne nauyin da kilo.

Ƙurji na yau da kullum da aka fasa ba ya buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta. Maganin ba ya isa cikin rufaffiyar mugunya, sai dai ya lafar da ita ta kwanta, bayan mako uku ta tashi. Yawancin abin da ake kira ƙurji mai dawowa ƙurji ɗaya ne da aka yi ta dannewa da allura ba a taɓa buɗe shi ba. Inda ake buƙatarta shi ne kumburi ya haura ƙafa, ko zazzaɓi, ko sukar ƙusa mai zurfi, kuma likita ne zai zaɓa. A guji allurar oksitetrasaiklin mai dogon aiki ta shanu, tana kumbura wurin allura a doki, tana iya jawo zawo mai kisa. A guji deksametazon, maganin rage kumburi, haka kawai. Baƙin man inji, ruwan batir, da lalas da ƙarfe mai zafi a kan bakin gashi, dukkansu ƙona wurin da sabon kofato ke tsirowa suke yi.

Me ya sa yake dawowa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar farko: ƙafa ɗaya ce kullum a wuri ɗaya, ko yana yawo daga ƙafa zuwa ƙafa? Ka riƙa rubutawa, kwanan wata da ƙafar da ɓangaren, ko ka ɗauki hoto. Ba tare da wannan ba, bayan wata shida kowa a barga zai faɗi nasa.

In wuri ɗaya ne, matsalar tana cikin wannan kofaton. Mafi sauƙi, an cire ɗauri da wuri, tsakuwa ta koma ramin. Ko guntun ƙaya ya karye a ciki. Ko farin layi ya ruɓe: in ka sa tsinin wuƙa ka ji yana marmashewa kamar alli, ka ƙwanƙwasa bangon ka ji amon rami, bangon ya rabu da abin da ke bayansa. Wannan ba ya warkewa da cusa magani, sai gwani ya yanke bangon da ya rabu iska ta shiga, sabon ya gangaro a hankali. Ko tsaga ce daga ƙasa zuwa sama da ke buɗewa duk lokacin da doki ya taka. Akwai kuma biyu da ido ba ya gani: wani ƙullutun ƙaho da ke tsirowa a cikin bango yana danna ƙashi, wanda alamarsa ita ce farin layi ya lanƙwasa ciki a wuri ɗaya, da kuma ruɓewar gefen ƙashin kansa, inda mataccen guntu ya ɓalle ya zauna yana ta haifar da mugunya. Waɗannan sai hoton ƙashi da aikin tiyata. Ƙa'ida mai kyau ita ce, ƙurji na uku a wuri ɗaya a nemi hoto, ko da za a ɗauki dokin zuwa asibitin koyarwa na likitancin dabbobi irin na Zariya ko Maiduguri. Kuɗin mota bai kai na shekara guda ana sayen allura ba.

In yana yawo, a dubi dokin gaba ɗaya. Babban abin zargi shi ne kumburin naman da ke riƙe da ƙashin kofato, cutar da yawan hatsi ke kawowa. Ana saura wata ɗaya sallah a ninka wa doki dawa da gero da dusa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, alhali yana ɗaure a turke ba ya aiki. Hatsin da ya yi yawa yana wucewa zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami, gubarsa ta shiga jini ta sassauta abin da ke manne ƙashi da bango. Mai tsanani kowa yana ganinsa: ƙafafun gaba biyu da zafi, bugun jini a duka biyu, doki ya jingina baya, ya ƙi juyawa. Taimakon farko shi ne a janye hatsi gaba ɗaya, a tsayar da shi a kan yashi mai laushi, a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, kada a tilasta masa tafiya, a kira likita. Amma mai sauƙin yakan wuce ba a lura ba, ya bar sawu: zobba a jikin bango waɗanda suka matsu a gaba suka buɗe wajen dunduniya, farin layi ya yi faɗi a gaba, tafi ya baje ko ya turo ƙasa, gaban kofato ya lotsa. Kofato irin wannan ƙurji zai yi ta yi har sai an gyara abinci da yanka. Godiyar da mahaifa ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba ita ma tana cikin haɗarin wannan cuta. Haka dokin da ya daɗe a kan ƙafa uku, ƙafar da ke ɗauke da nauyin tana iya kamuwa, dalili ke nan da ba a barin ƙurji ya yi mako ana jira ya fashe da kansa.

Tsohon doki da ya haura shekara 15, gashinsa ya yi tsawo ba ya zuba, bayansa ya rame, yana yawan sha da fitsari, ga ƙurji a kai a kai, a gaya wa likita waɗannan alamu tare, akwai cutar wani ƙullin ƙwaƙwalwa da ke kawo su.

Kada kuma a ɗora wa kofato laifin da ba nasa ba. Dabaibayi da igiyar turke suna cin wuyan ƙafa har ya yi gyambo. Kumburi mai zafi a bayan ƙwauri bayan sukuwa jijiya ce. Ƙuraje da suka jeru a layi suna haurawa ƙafa suna fashewa cuta ce mai yaɗuwa, a ware dokin da kayansa.

Barga, yanka da mudu

Yanayinmu ma yana da hannu. Hunturu da bazara suna busar da kofato ya yi tsage-tsage ƙanana. Ruwan farko ya sauka, kofato ya sha ya kumbura ya yi laushi, laka ta cika tsagogin. Daga Yuli zuwa Satumba ne aka fi fama. Ƙasa ma ta bambanta: dokin da ya tashi a rairayin ƙasar Katagum, aka kawo shi cikin tsakuwa da duwatsun Bauchi ko Dass ko Ningi, tafinsa bai saba ba, yana buƙatar makonni ana tafiya da shi a hankali kafin a sake masa linzami. Jan tabo a tafi alama ce jini ya kwanta a ciki, kuma kwantaccen jini yana iya zama ƙurji.

Doki mai turke ɗaya yana tona rami da ƙafafunsa, fitsari ya taru, ya yini ya kwana a ciki. Fitsari da kashi suna cin ƙaho. Daga nan ne harshen kofato ke ruɓewa, kwarinsa ya cika da baƙin abu mai wari. A cike ramin, a ɗaga wurin tsayuwa ya fi kewayensa tudu, a ba shi ɗan gangare zuwa baya da hanyar ruwa, a zuba yashi, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako. A kwashe kashi safe da yamma. In da fili, a yi turke biyu ana sauyawa, ɗaya yana shan rana. Bayan gini ko gyaran rumfa, a bi wurin da maganaɗisun tsohuwar sifika a tsince ƙusoshi.

A sassaƙe datti daga kofato kullum, da kuma kafin hawa da bayan hawa, daga dunduniya zuwa gaba. Minti biyu ne, kuma a nan ake ganin tsakuwar da ta maƙale a farin layi tun ba ta haura ba.

Yanka kowane mako 6 zuwa 8, da damina ma ya fi kusa da 6. Kofaton da ya yi tsawo a gaba yana ɓamɓare bango daga tafi a kowane taku, kamar yadda dogon farce ke ɗagowa. In ka dubi doki daga gefe, gaban kofato da wuyan ƙafa su tafi a layi ɗaya. A rage bango, a daidaita dunduniya biyu, a zagaye gefen da magagari don kada ya tsage. Tafi kuwa a cire abin da ke ɓarewa da kansa kawai. Masu feraye tafi har ya yi fari sumul don ya yi kyau a ido suna cire wa doki takalminsa na halitta. Kada a yi yanka ko a buga takalmi ana gobe hawa, a ba da kwana 10 zuwa 14. Ɗingishin da ya bayyana cikin 'yan kwanaki bayan buga takalmi, ƙusa ce ta kusanci nama, a cire ta.

Abinci kuwa tushensa ciyawa ne da harawa, aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyin jiki a busasshe kowace rana, wato sama da kilo 5 ga dokin kilo 350. Hatsi kada ya wuce rabin kilo ga kowane kilo 100 a ci ɗaya, kuma wannan iyaka ce ga doki mai aiki. Kai mudunka wurin mai sikeli sau ɗaya ka san nauyin abin da yake ɗauka. A raba hatsin sau biyu ko uku, a fara ba da ciyawa. Duk ƙari ko sauyi a yi shi cikin kwana 10 zuwa 14. Dokin da ke jinyar ƙafa a rage masa hatsi sosai tun ranar farko. Ruwa kada ya yanke, da bazara doki yana iya wuce lita 40 a rana.

Komawa hawa

Sharaɗi uku: ramin ya yi tauri, babu zafi ko bugun jini da safe, kuma doki ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri ba ɗingishi bayan aƙalla kwana 2 da daina maganin zafi. Daga nan a fara jan sa da hannu minti 10 zuwa 15 a ƙasa mai laushi na kwana 3 ko 4, sai hawa da tafiya kawai na mako guda, sannan sassarfa. Kwalta da sukuwa su zo a ƙarshe. In ramin yana tafi ne kuma dole a bi tsakuwa, a buga takalmi da shimfiɗar fata ko roba a ƙarƙashinsa, a cusa auduga mai aidin a ramin kafin a rufe. Washegarin kowane ƙarin aiki, kafin a ba da abincin safe, a ɗora hannu a kofaton a nemi bugun jinin. In ya dawo, a koma matakin baya a ƙara kwana 3.